Dalma a Tukunya: Harsashin Maharbi da Lafiyar Gidansa

Gaisuwa ga mutanen Azare da Katagum, da na Gamawa da Udubo da Sakwa, da na Madara da Chinade da Bulkachuwa, da na Shira da Yana da Giade, da Itas da Gadau, har zuwa maƙwabtanmu na Jama'are da Misau. Zancenmu na yau da maharba ne da mafarauta, sarakunan baka da yaransu. Amma uwargida, don Allah kada ki murɗe rediyo ki ce hirar maza ce. Rabin maganar nan a madafa za ta ƙare, wuƙa da tukunya kuwa a hannunki suke.

A shekarar 1824 wani Baturen Birtaniya, Hugh Clapperton, ya sauka a birnin Katagum zamanin Sarki Ɗankauwa, yana kan hanyarsa daga Borno zuwa Kano da Sakkwato. Abokin tafiyarsa, Dakta Oudney, a ƙasar nan ya rasu, a Murmur. Cikin abubuwan da Clapperton ya rubuta akwai ranar da Sarki ya so ya ga aikin bindigarsa. Aka sa masa abin da zai bara a nisan yadi 60 zuwa 70, ya harba sau biyu, duka biyun ya samu. Sarki ya nemi tsarin Allah daga shaiɗan, sannan ya ɗauko riga ya yafa masa da hannunsa. Saitin bindigar ne ya ba mutane mamaki a ranar. Ba wanda ya tsaya tambayar da wane ƙarfe aka yi ɗan dunƙulen da ya fita daga bakinta, don kowa ya san dalma ce. Sama da shekara 200 ke nan, kuma har gobe ita ce a cikin bindigar toka, ita ce a cikin harsashin kanti mai jan kwanso da ake sa wa mai baki ɗaya da mai baki biyu.

Dalma ba a banza ta samu wannan matsayi ba. Tana da nauyi, ga araha, ga laushi. A zafin digiri 327 take narkewa, wato garwashin murhu ya ishe ta, alhali jan ƙarfe sai ya kai digiri 1,085, aikin zuga-zugin maƙeri. Nauyin nan shi ke sa ɗan ƙaramin harsashi ya yi nisa kuma ya isa da ƙarfinsa. Laushin kuma shi ke sa ya baje idan ya shiga jikin dabba, raunin ya yi faɗi, dabbar ta faɗi da wuri. Duk maharbi ya san amfanin wannan.

To, a laushin nan matsalar take. Harsashin dalma idan ya bugi nama, balle ƙashi, ba ya tsayawa a dunƙule. Ka ɗauki hoge ka jefi bango da shi: babban ɓangare zai faɗo ka gan shi, sauran kuwa ya zama tsaki da ƙura ya watsu. Haka dalma take yi a cikin nama. Abin da mai fiɗa ke tsinta da bakin wuƙa ya jefar, babban ɓangaren ne. Sauran sun fi ƙwayar gero ƙanƙanta, wasu ido ba ya ganinsu, haƙori ba ya jin su.

Wannan an gan shi a hoto. A jihar Dakota ta Arewa ta ƙasar Amurka akwai wani likita mai suna William Cornatzer, shi kansa mafarauci ne. Mafarautan can suna ba da sadakar naman barewa, a niƙa shi a ƙulla a leda a raba wa mabuƙata. Likitan ya ɗebo ƙulli kusan 100 ya sa a na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, sai ga ɗigo-ɗigon ƙarfe a fiye da rabinsu. A 2008 da labarin ya fito, hukumomin jihar suka ce a dakatar da rabon naman. A shekarar aka auna jinin mutum sama da 700 a jihar, aka ga masu cin naman farauta sun fi waɗanda ba sa ci dalma a jini. Bambancin bai kai na kwantar da babba a asibiti ba, gaskiya ce a faɗa, amma yana nan, kuma ya fi yawa ga wanda bai daɗe da ci ba. Maƙwabciyarsu jihar Minesota ta yi nata gwajin: aka harbi gawarwakin tumaki da harsasai iri-iri aka ɗauki hotonsu. An samu gutsattsarin dalma har nisan santimita 45 daga inda harsashi ya bi, kusan kamu guda ke nan. Wanke naman da ruwa bai fitar da su ba.

Na san abin da wani maharbi ke cewa yanzu, yana zaune gindin bishiya da rediyonsa: ai waɗancan bindigogin Turawa ne masu gudun tsiya, tamu ta toka ba ta kai nan ba. Yana da gaskiya a wani ɓangare. Gwajin Minesota ɗin ma ya nuna harsashi mai tafiya a hankali bai kai mai gudu farfashewa ba. Sai dai tamu bindigar ba ƙwaya ɗaya take fitarwa ba, watsa 'ya'yan dalma take yi, kuma galibin abin da ake harbi yau ƙanana ne: zomo, zabon daji, fakara, kirinjijiya, gada. Ƙaramin jiki, 'ya'yan dalma da yawa. A 2022 masana a Jami'ar Kambirij ta Ingila sun ɗauki hoton tsuntsayen daji da aka harba da irin wannan harsashi mai watsuwa, suka samu gutsattsari gommai a jikin tsuntsu guda, ban da 'ya'yan dalmar da ake gani.

(Kiɗa)

Me ya sa ɗan gutsuren da ido bai gani ba zai tayar mana da hankali? Mu mutanen Arewa ba sai an je Amurka an ɗauko mana amsa ba.

A farkon 2010 mutanen wasu ƙauyuka a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara suka lura agwaginsu suna ƙarewa. Ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Ba a jima ba yara suka fara amai da ciwon ciki da jijjiga, suna mutuwa. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne suka ga sababbin kaburburan yara sun yi yawa a garuruwa irin su Dareta da 'Yar Galma, suka kai ƙara. Da aka bincika, duwatsun zinariya ne da ake kawowa gida ana dakawa ana niƙawa, ashe cike suke da dalma. Ƙurar ta sauka a tsakar gida, inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Yara sama da 400 suka rasu. Garin Bagega kuwa sai 2013 aka samu kwashe ƙasarsa mai guba. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi.

Kada a ce na ce naman farauta zai yi abin da ya faru a Zamfara. Can dalma ce ta fitar hankali, dare da rana. Amma gubar ɗaya ce, kuma halinta guda biyu ne ya kamata mu riƙe.

Na farko, jiki ba ya gane ta. Ɗaukarta yake kamar sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi, sai ya ajiye ta a ƙashi da haƙori, ta yi shekaru aru-aru a can. Yarinyar da ta tara ta tun tana ƙarama, ranar da ta samu juna biyu jikinta zai jawo kalsiyam daga ƙashinta don gina jariri, dalmar ta biyo, ta shiga jinin abin da ke cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa. Ta kuma ce yaro ƙarami yana tsotse ninki 4 zuwa 5 na abin da babba ke tsotsewa idan sun haɗiyi adadi ɗaya.

Na biyu, ba ta yin ƙara. Mai yawa ce ke kawo jijjiga. Kaɗan-kaɗan ɗin nan ba ta sa zazzaɓi, ba ta fito da ƙurji. Ƙwaƙwalwar yaro take dakushewa. Sai a ga yaro ba ya riƙe karatu, malam ya biya masa allo yau gobe ya zube, ga saurin fushi, ga rashin natsuwa. A gida a ce taurin kai ne, a makaranta a ce daƙiƙi ne, a yi ta bulala. Abin da ta lalata a ƙwaƙwalwa kuwa ba ya dawowa. Ga manya tana jawo hawan jini da ciwon ƙoda, tana rage ƙarfin haihuwa ga namiji, tana sa ɓari ga mace.

Wa ya fi shiga haɗari? Wanda ya sayi gada sau ɗaya a shekara don marmari, nasa da sauƙi. Gidan maharbin ne abin ji. Maharbi kan kai cinya da gadon baya kasuwa, inda kuɗi yake, ai banza ba ta kai zomo kasuwa. Wajen da harbi ya dagargaza, wanda mai saye zai raina, da kayan ciki, su ake kawowa gida a zuba a miya. Wato mafi dalmar naman shi 'ya'yansa ke ci, tun daga kaka har faɗuwar damina, shekara da shekaru.

Yanzu mu leƙa yadda wasu suka ɓullo wa abin.

A Amurka da Kanada da Afirka ta Kudu da wasu ƙasashen Turai akwai mafarautan da ba sa sayen harsashi haɗaɗɗe, su suke haɗa nasu, kuma dokar ƙasashensu ta yarda. Harsashin raifil kashi huɗu ne: kwanso, da ɗan maɓallin gindinsa mai tayar da wuta, da albarushi, da ƙwayar da ke fita. Mutum zai tsince kwansonsa bayan harbi ya dawo da shi gida. In ka shiga ɗakin aikinsa za ka ɗauka na mai haɗa magunguna ne: tebur a share, ma'auni mai gane bambancin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na giram ba, abin awon tsawo na maƙeran injin, ga littafi a buɗe wanda kamfani ya buga bayan ya gwada kowane awo a ɗakin bincike. Ba sigari, ba hira, ba yaro a kusa. Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne, lokacin da raifil ta tashi, matsin da ke cikin bututunta ya kai nauyin kusan tan 4 a kan filin da bai fi farcen yatsa ba. Kuskure kaɗan, bindiga ta fashe a fuskar mai ita.

A cikin irin waɗannan mutane ƙwayar jan ƙarfe zalla ta fara samun karɓuwa. Abin sha'awa, wanda ya fito da ita ba gubar dalma ce ta dame shi ba. Randy Brooks, mai kamfanin Barnes a jihar Yuta a wancan lokacin, so yake ya samu ƙwayar da ba za ta tarwatse a kafaɗar babbar dabba ba, wadda za ta fasa ƙashi ta wuce zuwa huhu da zuciya. A 1989 ya fito da ita. Rami ne aka yi mata a baki. Idan ta shiga nama sai bakin ya tsage gida huɗu ya lanƙwashe baya, ta yi faɗi, amma ba ta zubar da jikinta. In an ciro ta aka auna, kusan duk nauyinta yana nan, alhali mai dalma a ciki takan bar kashi ɗaya cikin uku na nauyinta, ko fiye, a jikin dabba. Masu harbin ɓauna da manyan namun daji a kudancin Afirka suka rungume ta saboda kisa, kafin likitoci su zo su yabe ta saboda tsabta.

Tana da nata wahalhalun. Jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, saboda haka in ana son nauyi ɗaya sai ƙwayar ta fi tsawo, doguwar ƙwaya kuwa ba kowace bindiga ke iya juya ta ta tafi sak ba. Ya fi dalma tauri, yana ƙara matsi, yana barin shafe a cikin bututu, sai a 2003 kamfanin ya yi wa ƙwayar tsaga-tsaga a jiki don rage wannan. Tana buƙatar gudu sosai kafin bakinta ya buɗe, in ta yi nisa ta gaji sai ta huda dabba kawai ta wuce. Ga tsada. Shi ya sa mai haɗa harsashi a can, ranar da ya koma jan ƙarfe, ba ya amfani da tsohon awonsa. Sabon shafi yake buɗewa a littafi ya faro daga farko.

Doka ta biyo baya ne saboda tsuntsaye. Agwagwar ruwa tana tsintar tsakuwa ta haɗiye don ƙundunta ya niƙa abinci, duk wadda ta taɓa gyaran kaza ta ga tsakuwar nan. 'Ya'yan dalmar da suka kuskure tsuntsu suna faɗawa cikin taɓo, agwagwa ta tsince su a matsayin tsakuwa, ƙundu ya niƙe su, ta shanye, ta mutu a cikin ciyawa ba wanda ya gani. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma a 1991. Denmak ta hana 'ya'yan dalma a farauta baki ɗaya a 1996, a 2024 kuma ta haɗa da ƙwayar raifil. Tarayyar Turai ta hana su a fadamu da dausayi tun Fabrairun 2023, bayan ƙiyasin cewa tsuntsayen ruwa kusan miliyan 1 ke mutuwa a can duk shekara ta wannan hanya. A Kalifoniya kuwa wata ƙatuwar ungulu ce mai suna kwando, wadda faɗin fikafikanta ya kusa mita 3, ta kusa ƙarewa: a 1982 guda 22 suka rage a duniya. Tana cin kayan cikin da mafarauta suka zubar a daji, dalma tana kashe ta. Jihar ta hana farauta da dalma a yankin tsuntsuwar a 2008, a 2019 ta hana a ko'ina.

Maganar tsuntsayen ruwa ta shafe mu kai tsaye. Kogin Jama'are da ya bi ta Katagum shi ne ke malala cikin fadamun Haɗeja da Nguru, inda dubban tsuntsaye ke sauka da hunturu, wasu tun daga Turai, su haɗu da dinya da kirinjijiya namu. Duk harbin da aka yi a bakin ruwan nan, mafi yawan 'ya'yan dalmar a taɓo suke sauka, kuma dalma ba ta ruɓewa.

Ungulu fa? Duk wanda ya kai shekara arba'in ya san lokacin da ba a raba mahautar garuruwanmu da ungulu. Yau sai ka yi wata ba ka ga ɗaya ba. Tun 2015 aka sa irin tamu cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa a duniya. A nan ƙasar, masu kama ta don sayar wa 'yan tsibbu da masu sa guba a mushe su ne suka fi yi mata illa, wannan ba a ɗora wa dalma ba. Amma a Botsuwana an auna jinin ungulaye sama da 500, kusan kashi ɗaya cikin uku dalma ta yi musu yawa, kuma abin ya fi tsanani a lokacin farauta. Wadda ta rage mana ba ta da ƙarfin ɗaukar ƙarin wata masifa.

(Kiɗa)

To mu fa, sai mu koma jan ƙarfe? A nan nake so a buɗe kunne, musamman samari masu kallon bidiyon Turawa a waya.

Ƙwayar jan ƙarfen nan an yi ta ne don raifil ta kamfani, mai zanen murɗe a cikin bututu, wadda aka gwada ƙarfinta kafin ta bar masana'anta. Bindigar da maƙeri ya haɗa da bututun ruwa ko sandar sitiyarin mota ba wanda ya taɓa auna iyakar abin da za ta ɗauka. Dalma saboda laushinta takan ba da kai ta fita. Ƙarfe mai tauri in ya cije a ciki, bututun ne zai ba da kai, kuma hannun hagu da ido su ne a kusa. Kowane gari da ke da maharba yana da mai yatsu uku da zai ba da wannan labari. Haka masu ɗura guntayen ƙusa da 'ya'yan boris: ba su da gubar dalma, amma suna cin bututu, suna tsalle su dawo in sun bugi dutse ko icce mai tauri, a cikin taron farauta kuwa mai tsautsayi ba ya nisa. Wanda ya ce zai yanka wayar lantarki ya kwaikwayi Bature, ya haɗa wa kansa biyu, ga asibiti ga ofishin 'yan sanda.

Domin dokar makamai ta Nijeriya, wadda ke aiki tun 1959, ba ta bar wannan ƙofa a buɗe ba. Riƙe bindiga, har ta toka, sai da lasisi. Ƙera harsashi kuma ba aikin da aka sakar wa kowa ba ne, don irinsa aka kafa masana'antar makamai ta DICON a Kaduna a 1964. A wannan zamani na masu garkuwa da mutane, da maharba da yawa suke taimakon jami'an tsaro a dazuzzuka, ba abin da zai zubar musu da mutunci kamar a kama ɗayansu da kayan haɗa harsashi a ɗaka. Manyan namun dajin da aka yi ƙwayar jan ƙarfe dominsu ma ina suke? Gwanki da kanki da dattawa ke ba da labari sun bar mu da gonaki. Giwa da ɓauna sai irin su Yankari, wadda aka keɓe tun 1956, kuma harbi a cikinta laifi ne.

Saboda haka gyaran da ke hannunmu yana wajen fiɗa da girki da ajiya.

Mai fiɗa, ka bi hanyar da harbi ya shiga. Duk naman da ya yi baƙi, ya taru da jini, ko ya dagargaje, ka yanke shi. Hukumar abinci ta Suwidin tana ba mafarautanta shawarar su ƙara yanke santimita 10 bayan inda raunin ya tsaya, wato faɗin tafin hannu. A jikin gada wannan asara ce, na sani, kafaɗa guda na iya tafiya. A jikin fakara ko zomon da harbi ya game, babu ma inda za a yanke a tsira. Irin wannan, in za a ci, manya su ci. Mai juna biyu da mai shayarwa da ƙananan yara a nema musu wani abu. Hukumar abinci ta Birtaniya ta ba da irin wannan gargaɗi tun 2012. Naman da kare ya kama, ko aka buge da gora, ko tarko ya riƙe, ba ruwansa da wannan magana, shi ne na yara.

Uwargida, ga naki. Wuta ba ta kashe dalma, ko an kwana ana tafasawa. Banda ma ba ta fitar da ita. Abu biyu kuma suna ƙara mata ƙarfi. Ɗaya daka. In kika yi dambun nama da naman harbi, gutsuren da ke wuri guda turmi zai raba shi ga kowace loma, ga shi turmin da taɓaryar gobe su za su daka yajin gida. Ɗayan kuma tsami. A Sifaniya, inda suke dafa tsuntsun daji da ruwan kal, an gwada an ga tsamin yana narkar da dalma ta shiga naman da romon, jiki kuma ya fi saurin tsotse ta. Mu ba ma girki da kal, amma muna da tsamiya da yakuwa da lemun tsami da tumatir. Naman harbi ba na miyar yakuwa ba ne.

Abin da aka yanke kada a jefa wa kare. Maharbi ya fi kowa sanin kuɗin karen farauta nagari da shekarun da ake yi ana horar da shi, kuma dalma tana kama kare kamar yadda take kama yaro. A haƙa rami a binne, da shi da kayan cikin da harbi ya fasa, yadda ungulu da shirwa ba za su kai gare su ba.

Sai babbar, wadda a ganina ta fi naman ma haɗari: narka dalma a cikin gida. Akwai masu fasa tsohon batirin mota su ciro ta, su ɗora a gwangwani ko tsohon ludayi a kan murhun da ake tuwo, yara sun kewaye suna kallo. Hayaƙin guba ne, tokar guba ce, ƙasar wurin da aka fasa batirin ta zama guba, ga ruwan batir mai ƙuna. Wannan ita ce hanyar Zamfara sak, ƙura a tsakar gida. Ba maharba kaɗai ba, masuntan bakin kogin nan masu ɗaura dalma a birgi su ma abin ya shafe su, har da masu matse ta da haƙori. Akwai kuma masu jefa 'ya'yan dalma a baki lokacin ɗuri don hannu ya samu sarari, da yara masu bindigar iska da ke yin haka. A daina. Wanda ya taɓa dalma ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci ko ya ɗauki yaro. Jakar farauta a rataye ta sama, kada ta zama abin wasan mai rarrafe. Tun da muna kan maganar, kwallin dutse mai ƙyalli da ake ranɓaɗa wa jarirai, da yawansa dalma ce, an auna an gani.

Yaron da ke yawan ciwon ciki da taurin bayan gida, ya ɗashe, ba ya son abinci, ko ya fara jijjiga ba tare da zazzaɓi ba, a kai shi asibiti, kuma a buɗe baki a gaya wa likita cewa ana aikin dalma a gidan ko ana yawan cin naman harbi. Alamomin suna kama da na cututtuka da yawa, in ba a faɗa ba likita zai bi ta kan maleriya da tsutsar ciki. Gwajin jini ne kaɗai ke tabbatarwa. Akwai maganin da ke jawo dalma daga jini idan ta yi yawa, da shi aka ceci dubban yara a Zamfara, amma ba ya aiki in yaro zai koma cikin ƙurar da ya fito. Yaro mai yunwa da mai ƙarancin jini sun fi tsotse ta, saboda haka nono da wake da zogale da ƙwai suna rage ɓarna, ko da yake ba sa hana ta.

Ranku ya daɗe sarakunan baka, ku ne ake jin maganarku ranar fita. Ku kuke sa ranar farauta, ku kuke raba rigima in karnuka biyu sun kama zomo ɗaya, ku kuke hana harbin mai ciki. In kuka ce daga bana ba a narka dalma inda mata da yara suke, kuma wajen rauni binne shi ake yi, yaranku za su bi tun kafin wata hukuma ta rubuto takarda. Mai saye a kasuwa kuma yana da damar ya tambaya: wannan na kare ne ko na bindiga? Ya juya naman ya duba, in ya ga ƙananan huji da baƙin jini ya san wa zai ba a gida da wanda zai hana.